Turkar raguna a matsayin sana'a: jagora ga matashin da ya gaji da jiran takardar ɗaukar aiki

Daga 1 ga watan Azumi zuwa safiyar Babbar Sallah dab da kwana 100 ne. Kusan abin da ramammen rago mai lafiya yake buƙata ke nan a turke kafin ya zama abin da mai layya zai tsaya ya taya. Matashin da ya gama karatu ya dawo gida, ko a ƙauyukan Gaya ne ko na Ringim ko na Birnin Kudu, yana da abubuwa uku da ɗan birni zai biya kuɗi kafin ya samu: fili a bayan gida, harawa kusa da hannu, da kasuwar dabbobi da ake zuwa a dawo a yini ɗaya. Abin da yawanci ya rasa shi ne tsari. Kowa a ƙauye ya iya ɗaure rago ya zuba masa dusa, amma kiwon gida asusu ne, ba mai tambayar nawa ya ci. Turkar kasuwa kuwa sai an ƙirga kowane kwano.

Ribar wannan sana'a a wuri biyu ake kafa ta: lokacin kaka da ka tara abinci da araha, da ranar da ka zaɓi ragon a kara, wato kasuwar dabbobi. Wanda ya yi sakaci a waɗannan biyun, ko Sallah ta zo da tsada ba lallai ya mayar da uwar kuɗinsa ba. Bayanin da ke ƙasa an yi shi ne kan raguna biyar, kuma duk da “ka” muke cewa, ya shafi 'yan mata da matan aure, waɗanda tun asali su ne masu turka a cikin gidaje.

Abinci kafin rago

Babbar Sallah ta faɗo ranar 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Kowace shekara tana matsowa da kwana 10 zuwa 12. Ma'ana a 'yan shekarun nan turka tana faɗawa cikin bazara tsundum, lokacin da rumfunan harawa suka yi fayau, dami ɗaya kuma ya yi tsadar da ba ta da kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Harawar da za ka ciyar a watan Maris, a Nuwamba ake sayenta.

Kowane rago, na kwana 100, ka tanadar masa kilo 70 zuwa 75 na harawar wake ko ta gyaɗa, har da wadda zai tattake ya ɓata, da kilo 55 zuwa 60 na haɗin dusa. Raguna biyar ke nan suna neman kusan kilo 360 na harawa da kilo 300 na haɗi. Tunda da dami ake sayar da harawa ba da kilo ba, ɗauki dami goma ka auna su, ka raba, ka san nauyin damin garinku. Kada ka ari lissafin wani gari, don damin Dambatta ba shi ne damin Kafin Hausa ba.

Harawa mai kyau tana da sauran kore a jikinta kuma ganyenta bai kakkaɓe ba. A ganyen amfanin yake. Wadda ta zama tsirarun karare fara fat, igiya kawai ka saya. Ɗora ta bisa rumfa ko katakai, nesa da ƙasa saboda gara, ka rufe samanta da zana don rana tana cinye ta. In akwai gawo a gonakinku, sa yara su tsinto 'ya'yansa lokacin da suke zuba, abinci ne mai gina jiki kuma kyauta. Kowar wake ma a tara ta a buhu. Dusa kuwa kada a saye ta duka tun kaka: dusar masara mai laima tana yin fumfuna, mai mai a jiki kuma tana hamami in ta daɗe. Sayi ta wata ɗaya ɗaya, sai dai in ka tabbata ta bushe ƙayau.

Jari, da inda bai kamata ya fito ba

Rago ba ya biyan ko sisi sai ranar da ya bar gidanka. Saboda haka duk bashin da ake biya wata-wata bai dace da turka ba, balle wanda ake ɗora wa ruwa. Hanyoyin da suka dace uku ne: abin da ka tara da kanka, adashi da aka tsara kwasarka ta faɗo a watan Sha'aban, ko ƙiradi. Mai bautar ƙasa da yake karɓar alawus na naira 77,000 tun 2025, in ya daure ya riƙa ware wani abu duk wata, zai iya fitowa da kuɗin raguna biyu ko uku.

Ƙiradi shi ne wani ya ba da kuɗi, kai ka ba da aiki, ku raba riba a kan kason da kuka yarda, rabi da rabi ko kashi biyu da ɗaya. Ba a yanka adadi a ce “za ka ba ni dubu kaza”. Kaso ake yankawa. In aka yi asara ba da sakacinka ba, ta mai kuɗi ce, kai kuma wahalarka ta tafi a banza. A rubuta wannan a takarda da shaidu biyu, ko da kawunka ne ya ba ka. Musamman ma in kawunka ne.

A kowace naira 100 ta jarinka, kusan 60 ta tafi ga raguna, 27 ga abinci, 6 ga magani da mota da la'ada, 7 kuma ta zauna a ajiye ba a taɓa ta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga raguna sun yi araha ya juye kuɗin duka, ya dawo da takwas maimakon biyar, bayan wata ɗaya ya fara rage musu abinci. Biyar da suka ƙoshi sun fi takwas da ke lasar komi.

Wurin turka

Rumfar zana ko ta kara, mai tsayin da ya kai mita 2 da rabi, buɗe ta gefe don iska. Kwanon rufi tsirara a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tanda ne. In shi ke gare ka, shimfiɗa kara a samansa. Kowane rago ya samu akalla murabba'in mita 1 da rabi na inuwa, da nasa turken, da nasa komin. A nisanta turakun yadda kawunansu ba za su haɗu ba, don raguna baƙin juna sai sun yi karo, kuma karyayyen ƙaho mai jini yana rage kuɗi. Igiya kada ta wuce mita 1 da rabi, kada kuma a bar wani abu kusa da zai iya haurawa ya rataye kansa. In a ƙafa kake ɗaurewa, riƙa sauya ƙafar duk bayan 'yan kwanaki. Jarka da aka raba biyu ta isa komi. Harawa a rataye ta ko a sa ta a raga, don abin da rago ya taka ya yi wa fitsari ba zai ci ba.

Sai leda. Tsince ta ƙaf daga wurin, ka hana yara zuwa da ita.

Ranar kasuwa

Wudil tana ci ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Gujungu da Dambatta ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin. Kafin ka saya, je kasuwa sau biyu ba kuɗi a aljihu. Tsaya kusa da masu ciniki, ka ji inda ake fara tayi da inda ake sallamawa, ka lura da dillalan da mutane ke komawa wurinsu. Maigatari tana bakin iyaka, farashinta yana bin abin da ke faruwa a Nijar: an gani lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 2023, an kuma gani a 2025 da hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi gab da Sallah. Mai turka ya riƙa sauraron irin waɗannan labarai kamar yadda manomi yake duban hadari.

Ranar saye, ku yanke la'ada da dillali tun kafin ya kama igiyar rago. Ka saya a cikin kara, a gaban shugabannin kasuwa, ka karɓi shaidar ciniki. Ragon da aka kawo maka bayan gari da rabin kuɗi, wata rana mai shi zai zo da 'yan sanda.

Wane iri? Ɗan ƙasa, fari mai baƙi-baƙi a ido da kunne da baki, shi ne ya fi dacewa da mai farawa: yana jure wahala, cinsa da sauƙi, kuma kuɗinsa daidai aljihun yawancin masu layya. Balami, fari sol mai gantsararren hanci da manyan kunnuwa, ya fi girma ya fi tsada, amma cinsa ya fi, masu sayensa kuma ba su da yawa a ƙauye. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, dabbar daji ce da ta saba da tafiya, takan ɗauki lokaci kafin ta yarda da turke. A zagayen farko, 'yan ƙasa huɗu da balami ɗaya ya isa gwaji.

Ƙashi kake saya, ba nama ba. Naman kai za ka sa. Nemi mai dogon jiki, faffaɗan ƙirji, tsayayyun ƙafafu, wanda yunwa ce ta ramar da shi ba ciwo ba. Irin wannan in ya samu abinci yakan yi saurin mayar da jiki fiye da wanda dama a ƙoshe yake. Nauyin kilo 25 zuwa 30 shi ne daidai ga ɗan ƙasa.

Buɗe bakinsa ka dubi haƙoran gaba na ƙasa. In duka takwas ƙanana ne na nono, yawanci bai cika shekara ba, abincinka zai tafi ne wajen gina masa ƙashi. Manyan haƙora biyu a tsakiya, shekara 1 zuwa 1 da rabi. Huɗu, wajen shekara 2. Takwas manya, ya doshi shekara 4. In sun fara zaizayewa, bar shi. Mai biyu ko mai huɗu kake nema, kuma wannan ya fitar da kai daga saɓanin shekarun layya, tunda a mashhurin mazhabar Malikiyya ana son rago ya cika shekara.

Daga baki sai ido. Ja fatar idon ta ƙasa: ja-ja ko ruwan hoda mai ƙarfi lafiya ce, fari fat alamar tsutsar ciki ce ta shanye jini. Shafa ƙarƙashin haɓa, in akwai kumburi mai taushi kamar ruwa, tsutsa ce ko ciwon hanta ya yi nisa. Hanci ya zama ba majina mai kauri, leɓe ba gyambo, gindi ba alamar zawo. Sa a ja shi ya ɗan yi gudu, ka kalli takunsa, ka saurari ko zai yi tari. Buɗa gashin wuya da na cinya don kaska da ƙwarƙwata. 'Ya'yan marainansa su zama biyu daidai, don masu layya sun fi son wanda ba a dandaƙe ba. Hadisin Bara'u ɗan Azib ya ambaci dabbobi huɗu da ba sa isar wa layya: mai ido ɗaya da abin ya bayyana, marar lafiya da ciwonta ya bayyana, gurguwa da gurguntarta ta bayyana, da ramammiya da ba ta da ɓargo. Rama za ka iya gyarawa, ido da tsohuwar gurgunta ba za ka iya ba.

Kada ciki ya ruɗe ka. Wasu kan ɗura wa rago ruwan kanwa da dusa da safe ya shigo kasuwa tim, sai ka yi wa rogo kallon kitse. Ɗora tafin hannu a gadon bayansa, bayan haƙarƙari, a nan ake jin nama. Sannan danna cikin daga ƙasa ta hagu da hannu biyu. In ka ji wani dunƙule mai tauri yana motsi, ga rago a rame, ciki kuma a tulle, to leda ce ta taru. Wannan ko buhu goma ya ci ba zai yi ƙiba ba, sai wuƙar mahauci.

A ɗauko su da sanyin safiya ko na yamma, a tsaye ko a kwance bisa ciyawa, ba a jibge juna a bayan mota cikin rana ba.

Mako biyun farko

Sababbin raguna su zauna nesa da dabbobin gida har kwana 14. Kwana uku na farko ruwa da harawa kawai, su huce gajiya.

A rana ta uku ko ta huɗu a ba su maganin tsutsa. Albendazol ana ba da miligiram 7.5 ne ga kowane kilo na nauyi. Dubi ƙarfin da aka rubuta a kwalba, don nan ake yin kuskure: ragon kilo 30 zai sha mililita 9 in maganin mai kashi 2.5 ne, amma mililita 2 da kwata kawai in mai kashi 10 ne. A maimaita bayan mako biyu zuwa uku. Ragon da ya fito daga fadama, kamar yankin Hadejia ko wuraren noman rani na Kadawa, a gaya wa malamin dabbobi ya ƙara masa maganin tsutsar hanta, don albendazol manyan kawai yake kashewa. Allurar Ivomec, mai maganin kaska da ƙazwa da wasu tsutsotsin, mililita 1 ce ga kilo 50, a ƙarƙashin fata. Ragon kilo 30 ke nan 0.6.

Sai rigakafin PPR, cutar da ke zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar, ana kuma samunta ta hannun malaman dabbobi na ƙaramar hukuma. Sai a cikin sanyi take rayuwa, in aka haɗa ta kuma dole a yi amfani da ita nan take, saboda haka wadda aka ajiye a kan tebur a kasuwa ruwa ce kawai. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, sai ku haɗu da maƙwabta a yi rana ɗaya. Ba a yi wa wanda ya riga ya kamu.

Haɗin abinci da ma'auninsa

A kilo 100 na haɗi: dusar masara 50, dusar alkama 20, anguriyar da aka matse manta 27, garin dutsen alli irin wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa 2, gishiri 1. In babu anguriya, ƙuli-ƙuli marar yaji da aka daka zai maye gurbinta, amma kilo 15 ya isa don ya fi ta ƙarfi, sai a cike sauran da dusa. Dusar shinkafa ta injinan Kura da Hadejia tana da araha, sai dai yawancinta a gauraye take da ɓuntu, wanda ba ya narkewa a ciki. In za ka sa, kada ta wuce kashi 10, kuma ka murza a hannu ka ji ba ta da kaushi. A juya haɗin a kan tabarma ko leda babba har sai gishirin da allin sun bi ko'ina. Dabara ita ce a fara gauraya su da kwano biyu na dusa, sannan a zuba cikin sauran.

Auna kwanonka sau ɗaya da sikeli ka san giram nawa na wannan haɗin yake ɗauka, tunda dusa ba ta kai hatsi nauyi ba. Daga nan ga yadda ake hawa, ga ragon kilo 28 zuwa 30, a kowace rana:

Rana ta 4 zuwa ta 7: giram 100 zuwa 150.
Mako na biyu: giram 250 zuwa 300.
Mako na uku: giram 400 zuwa 450.
Daga mako na huɗu zuwa ƙarshe: giram 600 zuwa 700.

A raba biyu, safe da yamma, kuma kullum harawa ta riga haɗi shiga ciki. Harawar ita ma giram 500 zuwa 600 a rana, kada a yanke ta ko da rago ya fi son dusa. Dalilin wannan hawa a hankali yana cikin tumbi. Ƙananan halittun da ke narka wa rago abinci sun saba da ciyawa; in aka antaya musu dusa ko hatsi da yawa rana ɗaya, sai tumbin ya yi tsami, rago ya daina tuƙa, ya yi zawo mai wari, wani ya kwanta bai tashi ba. Haka yake faruwa in rago ya tsinke da dare ya samu buhun masara a buɗe. In hakan ta faru, janye haɗin gaba ɗaya, bar shi da harawa da ruwa, ba shi ɗan ruwan kanwa, ka kira malamin dabbobi in bai fara tuƙa ba zuwa washegari.

Ruwa mai tsabta ya kasance gabansa koyaushe; a bazara rago ɗaya yakan sha lita 4 zuwa 6. Ƙasari yana da kyau in na ranar ne, wanda ya kwana ya yi tsami a zubar. In kana jiƙa haɗi da ruwa, abin da ya rage bayan awa ɗaya a kwashe, a wanke komin.

Maganar kanwa tana buƙatar tsayawa, domin an gaje ta kuma ana wuce gona da iri. Kaɗan tana taimakon tumbi. Amma dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kanwa kuma tana sauya fitsari yadda wannan sinadarin zai dunƙule ya zama tsakuwa, bututun fitsarin rago namiji ga shi siriri. Dusa zalla, kanwa kullum, ruwa kaɗan: hanyar toshewar fitsari ke nan. Za ka ga rago yana yunƙuri, yana ɗiga kaɗan-kaɗan ko babu, yana harbin cikinsa, yana niƙa haƙora. Wannan ba ciwon jira ba ne, a ranar ake nemo malamin dabbobi, in ba haka ba mafitsara ta fashe. Allin da gishirin da ke cikin haɗi saboda wannan aka sa su: allin yana daidaita fosfaras, gishirin yana sa shan ruwa. Kanwa kuwa ɗan guntu a ruwa sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Abincin kaji da dutsen lasa na shanu kada su kusanci tumaki. Sukan ƙunshi sinadarin tagulla da hantar tunkiya take tarawa har ya kashe ta. Dusa ko ƙuli mai fumfuna kuma taki ne, ba abinci ba.

Duba na kullum da awo

Kowace safiya kafin ka zuba abinci, tsaya minti biyar ka kalle su. Wanda bai miƙe ya yi miƙa ba, wanda ya bar abincin jiya, wanda kashinsa ya sauya, shi ne abin dubawa. Ma'aunin zafi na kemis ya isa. Zafin jikin rago ta dubura tsakanin 38.5 ne da 40, abin da ya haura haka a inuwa da safe zazzaɓi ne. Kumburin ciki ta hagu da ke ƙara kamar ganga, a tsayar da shi gabansa a sama, a ba shi man gyaɗa mililita 50 zuwa 100 a hankali ta gefen baki. Kada a ɗaga kansa sama wajen ɗura, don ruwa ya bi ta huhu ya fi ciwon farko haɗari.

Akwai masu ba raguna deksa, wato maganin deksametazon, ko ƙwayoyin sa ƙiba na mutane, don su yi ɓul-ɓul. Ruwa ne yake taruwa a jiki, garkuwar dabbar ta raunana, kuma algus ne ga wanda zai yi ibada da ita. Wanda ya yanka ya ga abin da ke ciki ba zai dawo gidanka baɗi ba. Haka kowace allura tana da kwanakin da ba a cin naman bayanta, a rubuce a jikin kwalba. Ta Ivomec takan wuce wata guda, saboda haka a gama da ita tun farkon turka.

Duk mako biyu a auna. Sikelin rataye da buhun da aka huda wa ƙafafu huɗu sun isa. In babu, ɗauki tef ɗin tela: auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gindi, da santimita. Ninka zagayen da kansa, ninka da tsawon, raba da 10,840. Zagaye 70 da tsawo 60 zai ba ka kusan kilo 27. Ƙiyasi ne, amma yana nuna ko ana gaba. Ɗan ƙasa mai lafiya a kan wannan abincin ya kamata ya ƙara giram 120 zuwa 150 a rana, wato wajen kilo 2 duk mako biyu, kilo 12 zuwa 15 a zagayen kwana 100. Wanda aka auna sau biyu bai motsa ba alhali an ba shi maganin tsutsa, kai shi kasuwa tun bai ci rabon 'yan uwansa ba.

Sayarwa

Fara neman mai saye tun watan Bawan Salloli, wato Zulƙida. Wanke su, ɗauki hoto da gajeren bidiyo da safe, rago a tsaye kusa da mutum don a ga girmansa, ka sa a WhatsApp da Facebook. Abokan karatunka da suka samu aiki a Kano ko Dutse su ne kasuwarka ta farko. Wanda ya zaɓa ya ba da kafin alƙalami, ku rubuta ranar ɗauka da wanda zai biya mota. Fatake masu lodi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu sukan saya da wuri, mako biyu zuwa uku kafin Sallah. Kuɗinsu bai kai na mai layya ba, amma a dunƙule yake kuma ya rage maka ciyarwa. Sayar musu da biyu ka riƙe uku ba laifi ba ne.

Jiran jajibere caca ce. Wata shekarar raguna su yanke kuɗi ya hau, wata shekarar a cika kasuwa kowa yana neman ya rabu da nasa. Tun daga kwana goma kafin Sallah, duk tayin da ya haura abin da ka kashe da ribar da ka yanka wa kanka, sallama. In ta waya aka biya, buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka kafin a kwance igiya, saƙon shigar kuɗi ana ƙirƙirarsa. Bashin “sai an yi albashi” kuwa, in ka san ba za ka iya zuwa ƙofar gidan mutum ka tambaya ba, kada ka bayar. Makon ƙarshe kuma makon ɓarayi ne, a kwana kusa da rumfa.

Littafi

Ga misali da lambobin da aka ɗauka don lissafi kawai, kai ka sa na kasuwarku. A ce kowane rago ka saye shi 100,000, ya ci abincin 45,000, magani 4,000, mota da la'ada 6,000. Ya tsaya maka 155,000, biyar 775,000. Ka sayar da kowanne 200,000, ka tashi da ribar 225,000, abin da ya ɗan haura albashi mafi ƙanƙanta na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 in aka tara na wata uku. Yanzu a ce ɗaya ya mutu: ribar ta koma 25,000. Wannan shi ya sa aka daɗe a kan duba baki da ido da fitsari.

Rubuta komai a ranar da ya faru, har dusar da aka ɗebo daga ɗakin Inna da harawar gonar Baba, da kuɗinsu na kasuwa. In ba haka ba za ka ɗauka riba ka ci alhali gida ne ya ciyar maka. Takin da ka share ka tara a buhu shi ma kuɗi ne, masu lambu da masu noman rani suna nema.

Zagaye ɗaya a shekara ba zai raba ka da neman aiki ba, sai an kai uku. Ragon suna ana nemansa kowane mako, kuma matsakaici ake so, wanda turkar kwana 60 ta isa. Mahauta da masu balangu suna saye kullum, fatake kuma suna sake lodi gab da Kirsimeti. Makonni kaɗan bayan Sallah kuɗin raguna yakan faɗi, lokacin sayen zubi na biyu ke nan, sai dai zai faɗa cikin damina: a ɗaga daɓen rumfa da yashi don kofato kada ya ruɓe, a kare gefen da ruwa ke bugowa, ɗanyar ciyawa kuma a bar ta ta sha iska kafin a ba su. Ribar zagayen farko a raba ta uku, kashi biyu su koma jari, ɗaya na aljihunka. Kafin sababbi su shigo, a kankare daɓen, a fitar da takin, a zuba toka ko farar ƙasa, a wanke komaye, a bar rumfar ba kowa har kwana 14.